Rasuwar Gwaggo, Uwar Kwamfutocin Ƙarƙashin Matakala

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, mai kula da na'urorin maɗaba'ar nan, wanda ma'aikata suke kira Na Ƙasa saboda ɗakinsa yana can ƙasa, ƙarƙashin matakala, yake sanar da abokan aiki da maƙwabta da duk wanda ya taɓa jin gurnani ta bayan ƙofar ɗakin nan, rasuwar Gwaggo, uwar kwamfutocin gidan, wadda ta cika ranar Talatar da ta wuce, bayan doguwar jinya. Ta rasu a kan teburin da ta zauna tun zuwanta, fuskarta na kallon ƙofa, wayoyinta duka a jikinta.

Ba a roƙa mata rahama, domin ƙarfe ce da waya, kuma mai makoki, wato Na Ƙasa, ya san haka sarai. Haƙuri dai ake roƙa wa na baya.

Marigayiya ba a gidan nan ta fara ganin wuta ba. Tsohon mai gida ne ya sayo ta ta hannu daga wani ofishi da ya rufe, ya kawo ta a bayan motarsa naɗe da bargo, shekara goma sha wani abu ke nan. Baƙa ce, doguwa, mai nauyin buhun siminti, da lotsawa a gefen hagu wadda ba wanda ya san asalinta. Mutum biyu suka sauko da ita, Na Ƙasa da Dogo mai injin buga, suna nishi suna zagin matakala. Da aka sa mata wuta sai ta yi tari, ta ja wani dogon guuuu daga ƙasan ciki, sannan ta ce ɗit. Dogo ya rantse cewa haka gwaggonsa take yi in an tashe ta daga barcin rana. Daga nan sunan ya bi ta.

Mai haƙuri ce, ba ta san ƙorafi ba. Ƙurar takarda ta sha, warin tawada ta shaƙa, girgizar injin Dogo da ke saman kanta ta jure ba tare da ta ko motsa ba. Ba ta taɓa neman ɗaki mai sanyi irin na 'yan'uwanta na manyan ofisoshi ba. 'Yar tagar nan da ba a ganin komai ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa, ita ta ishe ta. Da sanyi ita ke ɗumama ɗakin. Da damina a kanta mai makoki yake shanya safarsa, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ba ta san hutun ƙarshen mako ba. In kowa ya tashi an kulle gida, takan ci gaba da gurnaninta ita kaɗai cikin duhu, da 'yar koriyar fitilarta tana ƙyaftawa, har safiya ta dawo da mutane.

Ga wanda bai san aikin ba, ya kamata a yi bayani kaɗan. Jikin Gwaggo ɗaya ne, amma kwamfutoci uku ne suke zaune a cikinta, waɗanda ba su da jikin kansu, da numfashinta suke numfashi. In ta tashi sun tashi, in ta kwanta sun kwanta. Su ne 'ya'yanta. Babba shi ke riƙe da aikin mutane, tun daga littafin makaranta har takardar manna wa bango. Mai Layi shi ke jera aiki a gaban firintoci, ya hana su faɗa. Sai Auta. Kowannensu yana da adireshi, wato 'yar lambar da sauran kwamfutocin gidan suke bi su same shi, kamar lambar gida a kan titi. Muddin lambar tana nan yadda take, ba mai tunawa da ita, ba kuma mai tunawa da wanda yake kula da ita.

Auta ba na maɗaba'a ba ne. Shekarar da matar Na Ƙasa ta rasu, ya nemi izinin tsohon mai gida ya keɓe ɗan lungu a cikin Gwaggo, aka ba shi. Nan ya tattara duk abin da ya rage na muryarta da fuskarta: hotuna, guntayen bidiyo, da saƙonnin murya da ta riƙa tura masa a waya, waɗanda a lokacin ko sauraronsu ba ya gamawa. Ya buɗe wa Auta ƙofa ta rautar gidan, wato 'yar na'urar da ke haɗa gidan da intanet, domin ɗiyarsa tilo, wadda take aikin jinya a wani gari mai nisa, ta riƙa shiga ta wayarta tana ganin mahaifiyarta.

Shi da ɗiyar nan ba abin da ya shiga tsakaninsu. Sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa Uwata yake ce mata. Sai dai hira a gidansu ta uwa ce. Ita ke kira, ita ke tambayar abin da aka ci da wanda ya ɓata wa wani rai, sai can ƙarshe ta ce ga babanki, ya karɓa ya ce ana lafiya, a ce lafiya lau, ya mayar. Da mai miƙa wayar ta tafi, sai aka wayi gari uba da 'ya ba su san inda ake kama zare ba. Ta kira, a gaisa, a tambayi aiki, a yi shiru, kowa yana jin numfashin ɗan'uwansa, sai ta ce to Baba sai an jima. Sannu a hankali kiran ya ja baya. Gida kuwa ya yi masa faɗi. Yakan zo aiki tun kafin mai shara, ya ci abincin rana a gefen Gwaggo, ya jingina kafaɗa da ɗumin jikinta. Ba ya mata magana, kada wani ya yi masa ƙazafi. Sauraro kawai yake yi.

Ciwon marigayiya ya faro ne da mantuwa. Wata sabuntawa ce ta shigo mata, irin wadda na'ura take saukewa da kanta ba tare da ta nemi shawarar kowa ba. Aka ɗauke wuta da rana, aka dawo da ita, Gwaggo ta ce ɗit kamar kullum, fitilarta koriya shar. Can sai aka ji takun takalmi a matakala. Anti mai tsara shafi ce, wadda ta shekara bakwai ko takwas a gidan ba ta taɓa sanin launin bangon ɗakin nan ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Malam, aikina ya ɓace. Kwamfutata ta ce ba ta san Babba ba.”

Babba yana nan, ba abin da ya same shi. Gida kawai aka canja masa. Gwaggo ta farka ta raba wa 'ya'yanta sababbin adireshi, wanda ya riga tashi ya ɗauki lambar farko, na baya ya ɗauki abin da ya samu. Kwamfutocin sama suna ta ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa, ba kowa a ciki. Mai makoki ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya nuna musu sabon gida, ya ɗauka tsautsayi ne na rana ɗaya. Da aka sake kashe ta aka kunna, sai ta sake.

An nemi magani, ba a yi sakaci ba. Da farko ya rubuta wa kowane ɗa adireshinsa da hannu a cikin jikinsa, ya ce masa nan ne gidanka, ko wa ya ba ka wani kada ka karɓa. Yara suka ji magana. Amma da Gwaggo ta sake tashi, sai ya tarar ba lambar gida kaɗai take canjawa ba, unguwar ɗungurungum take sauya wa lamba. Ga Babba zaune daram a gidan da aka ce ya zauna, a kan titin da ya daina wanzuwa. Ya gina musu sabuwar hanya ta kansu wadda ta wuce kai tsaye zuwa rauta, aka samu sauƙi har aka fara mantawa, sai wata sabuntawar ta zo ta share hanyar kamar ba a taɓa yin ta ba. Ya rubuta ɗan umarni wanda zai riƙa mai da kowa gidansa da zarar ta farka. Wani lokaci umarnin ya yi aiki, wani lokaci ya riga katin sadarwarta tashi daga barci, ya yi ta magana ba mai ji. Ya canja katin. Ya canja ɗan batirin agogonta. Ya karanta abin da mutanen duniya suka rubuta a intanet, ya tarar da masu irin ciwon nan jingim, kowa yana kuka, kowa yana rantsuwa da maganin da ya yi masa aiki shi kaɗai.

Wuta kuwa a unguwar nan ba ta da alƙawari, akwatin batirin da ke riƙe Gwaggo shi ma ya tsufa. Saboda haka tashi da kwanciya suka yawaita, kuma duk tashi da sabon rabo.

A nan ya wajaba a faɗi wani alheri da marigayiya ta yi cikin ciwonta, wanda ita ma ba ta san ta yi ba. Matakalar nan da gizo-gizo ya mallaka sai ta zama hanya. Dogo yakan sauko da tawada har gwiwar hannu, ya ce tsohuwa ta sake kwashe yara ta yi ƙaura, ya zauna a kan kwalin takarda yana jira, ya ba da labarin ciwon bayansa da rashin jin jikokinsa. Anti takan sauko da kofin shayinta, daga baya ta fara saukowa da kofi biyu. Ita ce ta lura cewa ɗakin ba labule, ta kawo wani tsohon yadi ta rataya.

Sannan ga waya. Duk sanda Auta ya canja gida, ƙofar da aka buɗe masa a rauta takan koma kallon fili, ɗiyar mai makoki ta taɓa wayarta ta ga ba komai. Sai ta kira.

“Baba, Auta ya sake ɓacewa.”

“Tsaya a kan layi, Uwata, bari in nemo shi.”

Neman ba ya daɗewa, amma ba ya yiwuwa nan take. Sai ya jira Gwaggo ta gama tashi, ya leƙa ya ga inda ta jefa yaron, ya juya ƙofa ta fuskance shi, a gwada. Cikin wannan jiran, da yake hannunsa na kan aiki, idonsa na kan allo, kuma ba wanda ya ce dole a yi hira, sai hira ta zo da ƙafarta. A nan ya ji labarin tsohon da ke ɗakin jinyarta wanda ba ya shan magani sai ita ta miƙa masa. A nan ya san cewa rufin ɗakinta yana yoyo, ya koya mata inda za ta duba. A nan ta gano yana tari, ta matsa masa har ya je aka auna shi. Wata rana Auta ya dawo tuntuni, su biyun sun sani, amma ba wanda ya ce a gwada.

Kada wani ya zaci mai makoki ya ji daɗin ciwon nan. Ma'aikaci ne, kuma ganin aikinsa yana warwarewa kowane mako ya hana shi sukuni. Magani ya nema tsakani da Allah har ranar ƙarshe. Iyaka dai, in an ɗauke wuta, yakan fito da wayarsa daga aljihu ya ajiye a kan tebur, fuskarta a sama.

Ɗan mai gida, wanda ya karɓi ragamar maɗaba'a bayan mahaifinsa ya kwanta ciwon ƙafa, yaro ne mai ladabi da sanin ya kamata. Ya sauko da kansa ya ce, “Baba, tsohuwar nan ta yi iyakar yinta. Mu kama ma'ajiyar haya a intanet mu mai da komai can, ka huta da hawa da sauka.” Gaskiya ya faɗa, mai makoki bai musa ba. Aka kama wurin, aka shirya, aka sa ranar ƙaura bayan an gama babban aikin da ke hannu, littafin lissafi na 'yan firamare wanda Anti ta kwashe watanni tana tsarawa. Gwaggo ba ta jira ranar ba.

Ranar Talata da safe aka ɗauke wuta, akwatin batir ya yi ƙara ɗaya ya mutu, Gwaggo ta faɗi ba shiri. Da janareta ya tashi aka danna mata, ba ta ce ɗit ɗin da aka sani ba. Ta ce ɗit, ɗit, ɗit. Aka sake. A karo na gaba ta tashi, amma daga cikin cikinta wata ƙara tana fita wadda ba a taɓa ji ba, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana taɓa gilashi da farce. Duk wanda ya yi aikin nan ya san wannan ƙarar. Faifan ajiya ne yake sallama.

Akwai wani faifan na waje da ake kwafe aiki a kansa, amma da yake 'ya'yan suna ta canja gida, kwafin ya riƙa zuwa ƙofar da ba kowa, abin da ke kansa ya tsufa da makonni. Mai makoki ya jona faifan na waje, ya zauna. Faifai mai irin wannan ƙara ba a san abin da ya rage masa ba, kuma ba a ɗora masa kaya biyu lokaci guda. Dole a fitar da yaro ɗaya kafin ɗaya.

Anti tana tsaye a bayansa, ta ga inda idonsa ya tsaya. Ta san abin da ke cikin Auta, domin ta taɓa shigowa ta tarar da shi yana sauraro.

Ta ce, “Malam, fara da naka.”

Ya ce, “Littafinki fa?”

“Littafi a sake shi. Hannuna bai karye ba.”

Ya tuna makarantun da ke jira, da mutum goma sha da suke cin abinci a ƙarƙashin rufin nan, da tsohon da ya ba shi aron lungu a cikin na'urar da ba tasa ba. Ya ce, “Gidan mutane ne, Anti. Baƙo ba ya riga mai gida fita.” Ya fara da Babba.

Dogo ya kashe injinsa don kada girgiza ta ƙara mata wahala, abin da bai taɓa yi da tsakar aiki ba. Ya sauko da fankar tsaye ta sama, aka buɗe gefen Gwaggo, aka saita iska a kan faifan. Su uku suka zauna suna kallon wani ɗan layi yana rarrafe a kan allo. Ƙas, ƙas, ta yi shiru, kowa ya riƙe numfashi, sai ta ci gaba. Rana ta ɗaga, inuwar ƙafafun masu wucewa ta gajarta a kan labule. Babba ya fita duka, littafin Anti har shafin ƙarshe. Mai Layi ba a bi ta kansa ba, domin ba shi da abin da ba za a iya sakewa ba. Aka shiga Auta.

Shekarun farko suka fita lafiya: hoton aure da ya koɗe, yarinya da haƙoran gaba biyu a cire, tsohon gidan haya mai bishiya a tsakar gida. Layin ya wuce rabi, ya wuce kashi uku cikin huɗu. Yana gab da ƙarshe sai ƙarar ta canja, ta yi wani siririn tsiiii mai tsawo. Allo ya daskare. Fankarta ta cikin jiki ta rage gudu, ta rage, har aka iya ƙirga fukafukanta, sannan ta tsaya. Koriyar fitila ta mutu.

Aka danna, aka sake dannawa. Dogo ya cire hularsa ba tare da ya san ya cire ba. A karon farko tun zuwanta, aka ji famfon banɗakin da ke bayan bango yana ɗiga.

Abin da bai fita ba shi ne shekarar ƙarshe ta matar mai makoki. A ciki akwai wani saƙon murya wanda ba shi da wata hikima, amma shi suka fi saurara shi da ɗiyarsa. Mai makoki ya hau sama, ya fita bakin titi, ya tsaya a gindin turken wuta, ya kira ta. Shi ya kira, abin da ya daɗe bai yi ba. Tana bakin aiki, ya ji ƙarar keken magani, ya ji ta ce wa wata ta riƙe mata, ya ji ƙofa ta rufe.

Ya faɗa mata komai yadda ya faru, har da wanda ya fara fitarwa. Ya jira faɗa, ko kuka.

Ta ce, “Har da na sabulu?”

Ya ce, “Har da shi, Uwata.”

Ya ji ta ja numfashi. Sai ga wata murya ta fito daga wayar, ta ɗiyarsa ce amma da karyawar harshen uwarta, da ɗan jan nan da take yi a ƙarshen magana in tana son ta yi faɗa dariya ta hana ta:

“Malam, ka bar maganinka a kan firij. Ka kuma bar fitilar banɗaki a kunne. Ni dai ban san ranar da za ka girma ba. In za ka dawo ka biyo da sabulu, ba irin na rannan ba.”

Ta koma muryarta ta ce, “Na haddace shi, Baba. Bai ɓace ba.”

Masu wucewa a titin nan sun ga wani dattijo riƙe da turken wuta da hannu ɗaya, kuma ana gode musu da suka kau da kai. Hirar ranar ita ce mafi tsawo da uba da 'ya suka taɓa yi. Sai da aka zo kiranta ta ajiye.

Marigayiya ta rasu ta bar 'ya'ya uku. Babba da Mai Layi sun tare a ma'ajiyar haya, cikin wani gini da ba wanda ya taɓa gani a wata ƙasa da ba wanda ya taɓa zuwa, kuma an ce suna lafiya. Auta ma ɗan mai gida ya sa an ba shi wuri a can, da abin da ya rage masa. Adireshinsu yanzu ɗaya ne tak kowanne, ba ya motsi ko wuta ta kwana ba ta zo ba. Abin da mai makoki ya yi shekaru yana nema, an same shi cikin yini guda. Ta kuma bar allo mai tabo a kusurwa, da akwatin batir wanda ake zargi amma ba a tuhuma, da wani murabba'i mai tsabta a kan tebur inda ƙura ba ta taɓa sauka ba.

Da aka gama ƙaura mai makoki ya tura wa ɗiyarsa sabuwar hanyar shiga. Ta gwada, ta rubuto: “Ya buɗe, Baba. Yanzu ka huta, ba zan riƙa damunka ba.” Ya rubuta amsa mai tsawo, ya karanta, ya goge. Ya sake rubuta wata gajeriya, ita ma ya goge. Abin da ya tura shi ne, “To madalla.”

Tun ranar ba abin da ya lalace a gidan nan. Injin Dogo yana gudu daga safe har yamma. Anti tana kan sabon littafi, kuma in sun haɗu a bakin ƙofa suna gaisawa da fara'a. An ɗauke wuta jiya, an ɗauke shekaranjiya, ba wanda ya sauko. Ɗan mai gida ya ce daga wata mai kamawa Baba ya riƙa zuwa kwana biyu a mako ya isa, ya samu lokacin kansa, kuma da kyakkyawar niyya ya faɗa. Ɗakin ya yi sanyi. Mai makoki ya fara zuwa da rigar sanyi.

Za a yi jana'izar marigayiya ranar Asabar da hantsi, a ƙofar baya ta maɗaba'a. Mai makoki zai yi mata wanka da busasshen tsumma da buroshin fenti, ya naɗe wayoyinta ya ɗaure. Shi da Dogo za su hau da ita matakala, in bayan Dogo ya yarda. Mai sayen tsoffin ƙarafa ya yi alƙawarin zuwa da amalankensa, an kuma roƙe shi kada ya sa guduma sai ya sha kwana. Faifan cikinta da ya mutu ba za a tafi da shi ba. Ɗan mai gida ya amince ya zauna a wurin mai makoki, naɗe cikin tsumma a aljihun tebur, domin an ce akwai masu iya buɗe irinsa su tsamo abin da ya nutse, ko da yake ba su cika yin alƙawari ba.

Za a yi zaman makoki a ɗakin ƙasa, daga buɗe gida zuwa tashi, a ranakun da mai makoki yake zuwa. Kujera ɗaya ce, amma akwai kwalayen takarda, kuma za a bar ƙofa a buɗe. Masu zuwa ta'aziyya ba sai wani abu ya lalace musu ba. Waɗanda suke nesa kuma ana sanar da su cewa lambar wayar mai makoki tana nan yadda suka san ta, kuma a kunne take.